Irin Furen da Madam Ta Bar Mini

Shekara guda bayan an sauke tutar Faransa aka kawo ni Dogon Dutsi amarya daga Dumega. Mijina tela ne, yana da rumfa a bakin kasuwa. Wani lokaci yakan ɗora kekensa na ɗinki a mota ya bi kasuwannin Sukukutane da Dogon Kiriya, ya yi kwanaki kafin ya dawo. Mu uku ne a gidan: ni da shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Gidan babba ne tun na mahaifinsa, shi ya sa aka raba shi da darnin kara aka ba wasu baƙi hayar ɗaya ɓangaren.

Baƙin mutanen Dahome ne. A wancan zamani yawancin masu rubutu a biro, wato ofis, mutanen can ne, don namu da suka yi lakwal, karatun boko, ba su da yawa. Mijin yana aiki a gidan waya, dogo ne mai tabarau, ban taɓa jin ya wuce gaisuwa ba. Matar kuwa kowa Madam yake ce mata. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Gajeruwa ce mai jiki, in tana dariya har bayan gida ana ji. Hausarta karyayya ce, tana mai da namiji mace, mace namiji, kuma ko a jikinta. Zan faɗi maganganunta a miƙe, don in na faɗe su yadda take yi ba kowa zai gane ba.

Tun kafin in ga fuskarta na san warin gidanta. Da yamma, in ta yi ban ruwa, wani wari mai kaifi yakan ratso darni, ba daɗi ba kuma ba ɗoyi ba, wani abu tsakanin tazargade da ɗanyen ganye. Rannan na leƙa ta kafar kara. Jikin bangon ɗakinta, daga wannan kusurwa zuwa waccan, wasu 'yan tsirrai ne da ba su wuce gwiwa ba, ganyensu a tsattsage kamar gashin zabo, a kansu furanni cunkus, wasu rawaya, wasu ruwan goro, wasu da ja-ja a tsakiya. Ban taɓa ganin mutum ya shuka abu jere haka ba alhali ba hatsi ba ne, ba kuɓewa ba.

"Amarya, idonki nake gani," ta ce. "Zagayo ki gani da kyau."

Da na zagaya tambayar da na yi mata ita ce wadda kowace mace a unguwar ta yi kafin ni.

"Madam, ana miya da shi?"

"A'a."

"To magani ne?"

"A'a. Kallo ake yi."

Na koma na gaya wa Inna. Ta ce ai mutanen bakin teku ruwa bai taɓa yi musu tsada ba, shi ya sa suke shayar da abin da ko akuya ba ta ci. Gaskiya ne kuwa, awakinmu kan shiga su sunsuna su juya.

Ita da Faransanci take kiran furen, da wani suna da harshena bai taɓa iya juyawa ba. Sai da na tsufa wata jikata da ta yi karatu a Sakkwato ta ce mini marigol ake ce masa a can. Mu a unguwa furen Madam muke cewa.

Da yake maigida yana yawan tafiya, Inna kuma tana da sana'arta ta ƙuli-ƙuli, sai na zama kullum ina wajen Madam. A nan na koyi aikin ba da niyya ba. Ana yafa irin a ƙasa mai laushi da aka cuɗa da tsohon kashin awaki, a rufe shi sama-sama, don in aka binne shi da zurfi ruɓewa yake. Cikin 'yan kwanaki sai ya fito da siraran ganye biyu. In ya kai tsawon yatsa a cire shi da ƙasarsa a dasa da yamma, ba da rana ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take tsinke kan tsiron da farce tun yana ƙarami. Na ce ta kashe shi. Ta ce in jira. Bayan ɗan lokaci ya yi rassa ta ko'ina, kowane reshe da furensa. Ruwan wanke-wanke da na wankin shinkafa take ba su, ban da mai sabulu. Abokiyar gabarsu gara ce, ita kuma toka take zuba mata.

Da kaka ta yi, an gama yankan hatsi ana ɗaurin dammuna, wata safiya na tarar ta yanke kusan duk furannin ta cika babban daro. Ta sa baƙar riga, ta ɗaura farin kallabi. Ta roƙi Inna in raka ta, don mijinta yana aiki sai da rana zai bi ta. Inna ta dube ta, ta dubi daron, ta ce in je.

Muka fita gari muka nufi gindin dutse. A can akwai wani ɗan fili da ake binne baƙin da ba musulmi ba, kaburbura kaɗan ne. Ta tsaya gaban wani ƙarami, an kewaye shi da duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa, a kansa gicciye na ƙarfe. Ta ciro tsintsiya ta share, ta cire ƙarangiya da hannu, sannan ta shiga jera furannin har ƙasar ta ɓace. Tana jerawa tana magana da yarensu, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya ci abinci. Daga nan ta zauna dirshan ta fashe da kuka, kuka sosai, baki buɗe.

Na rasa inda zan sa kaina. A wurinmu mace ba ta zuwa kabari, balle ta yi masa magana. Na juya baya ina kallon gonaki har ta gama.

A hanyar dawowa ta gaya mini. 'Yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba ta bayan dogon jira. Damanarsu ta farko a garin nan, zazzaɓi ya kama ta, ba ta jima ba ta tafi, lokacin bakinta ya fara buɗewa sosai. Irin furen daga tsakar gidan mahaifiyar Madam ya fito, can kusa da teku. Ta ce suna da rana guda a shekara da suke ziyarar matattunsu, ita ce yau.

"Ba ta san kowa a garin nan ba," ta ce. "In ban zo ba, wa zai zo?"

Ba duka take yankewa ba. Manyan furanni, waɗanda suka fi cika, takan bar su a jikin uwarsu su bushe. Lokacin sanyi ta kira ni ta nuna mini. Ta tsinko guda da ya bushe ƙayau ya koma ruwan ƙasa, ta kama gashin samansa ta ja a hankali. Sai ga iri ya fito a dunƙule kamar 'yar tsintsiya, siraran baƙaƙen tsinkaye, kowanne da farin gashi a wutsiya. Ta ce baƙi mai tauri shi ne iri, fari mai laushi fanko ne. Ta shanya su a faifai cikin inuwa, ta barbaɗa toka, ta zuba a gwangwanin madara ta toshe bakin da tsumma.

A shekara ta biyu na samu ciki. Na koma Dumega goyon ciki, na haihu a ɗakin mahaifiyata, namiji. Bayan na gama wanka na dawo da shi. Ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka da baƙi a gida sai Inna ta ce in ba shi nono kafin in ɗauke shi. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi. Madam ta kasa gane wannan.

"Wace irin uwa ce ke? Yaro kamar wannan, ki riƙa kallon bango?"

Ita ce ke ɗaukarsa ta cilla sama, ta sumbaci ƙafarsa, ta yi masa waƙa da yarensu. Ta saƙa masa hula da zaren ulu. Yarona take ce masa. In na shiga wajenta, inda babu mai ganina, nakan zauna in kalle shi yadda nake so, har in taɓa kumatunsa. Ta lura, ta ƙyale ni.

Yana rarrafe aka yi rigimar. Mu mata abin da muka ji kawai shi ne gwamnatinmu da ta Dahome sun saɓa a kan wani tsibiri a cikin kogi, wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Sai aka ce duk ma'aikatan Dahome su bar ƙasa, kuma wa'adin gajere ne. Lokacin sanyi ne. Mijin Madam ya dawo daga aiki da hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna kan kujera a tsakar gida da hularsa a gwiwa. A kasuwa wasu samari suna murna, suna cewa yanzu aiki ya dawo hannun 'yan ƙasa. Wasu da suka sha cin abinci a gidan Madam suka daina gaishe ta. Madam da mijinta suka sayar da gado da tebur a wulaƙance, abin da bai sayu ba ta rarraba wa maƙwabta.

Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, zai kwashe su ta shigo ɓangarenmu da gwangwanin a hannu. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta juyo gare ni.

"Amarya, na ɗebi rabi, ga rabi. Kin san yadda ake yi. In an gama yankan hatsi ki tambayi 'yan lakwal ranar farko ta Nuwamba. Ba na ce ki yi addu'armu ba. Ki share, ki ajiye furen, ki ce mata mamanta na zuwa."

Na dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana murza ƙuli.

"Zan yi, Madam," na ce.

Ta karɓi yaron daga bayana ta rungume shi har ya fara kuka. A tasha an cusa su cikin kamiyo, mata da yara a kan kaya, jandarmomi na tsaye. Ba a bari mun matsa kusa ba.

Da damana ta faɗi na share jikin bangon ɗakina na yafa irin. Ya fito kamar yana jira. Na dasa, na tsinke kawunan, na yi ta fama da gara. Maigida ya ce mini wahalar banza nake, amma bai hana ba, har ma ya kawo mini tsohon buhu na kare su daga kaji. Yaron ya fara tafiya a shekarar, yakan dafa bango ya bi layin furannin yana fizga, ya kai baki, ya tofar yana yamutsa fuska. Hannuwansa kullum warin ganyen suke.

Da ranar ta zo na cika daro. Ina goya yaron Inna ta ce, "Bar mini shi nan."

Na kwance shi, ya ƙanƙame zanena yana tsala ihu. Lokacin bai isa yaye ba, ga wurin da nisa. Na ce ba zan jima ba. Ta ce, "Wurin can ba wurin yara ba ne," amma ta ƙyale ni.

Na tarar ciyawa ta rufe kabarin. Na sauke yaron a inuwar wata sabara, na share, na jera furannin yadda na ga tana yi. Na tsaya na rasa ta inda zan fara, sannan na ce da ƙaramar murya, "Mamanki ta ce tana zuwa." Da na waiwaya ya taso ya zo ya dafa gicciyen yana dariya, yana bubbuga shi da tafin hannu. Na ɗauke shi muka dawo. Wata maƙwabciyarmu da ke roron wake a gonar kusa ta gan mu.

Sanyi na shiga ƙyanda ta shigo gari. Ta fara daga unguwar mahauta ta bi gida-gida. Kusan kullum sai an ga maza sun wuce da 'yar tabarma a naɗe a hannu. Namu ya fara da mura da jan ido, sannan zazzaɓi, sannan ƙurajen suka feso. Maigida ya ɗauke shi ya kai likita, aka yi masa allura. Ƙurajen suka kwanta, muka ce an tsira. Sai tari ya biyo baya da zawo. Ya ƙi nono. Kullum yana ƙara sauƙin ɗauka.

Inna ta tafi wajen wata tsohuwa 'yar bori da suka saba tun ƙuruciya. Ta dawo ta turara ɗakin, ta ɗaura masa wani abu a wuya. A bakin rijiya na ji abin da aka ce. Wai akwai wata baƙuwar yarinya da ke zaune ita kaɗai ba abokin wasa, an kai mata yaro har gida ta gani, ta kuma ƙyasa. Da na iso matan suka sauya magana, amma na riga na ji.

Da la'asar ya cika, a kan cinyar Inna. Ina tsakar gida ina tace masa kunun da ba zai sha ba. Maza suka zo suka ɗauke shi. Mata suka cika gida. Ni aka zaunar a ƙuryar ɗaki, kowa ya shigo ya ce in yi haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki. Ban yi kuka ba. Ɗan fari ne, idanu suna kaina, ga mahaifiyata da ta zo daga Dumega tana zaune kusa da ni tana matsa mini ƙafa duk lokacin da ta ji numfashina ya sauya. Nonona ya cika ya yi tauri, ya jiƙe mini riga, Inna ta dafa mini wani ganye na sha har ya ƙafe.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya maigida ya fito ya tsaya gaban bangon. Sauran tsirran suna nan sun bushe a tsaye. Ya shiga tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai aikin gona. Ya tara a tsakar gida ya sa wuta. Warin ya cika gidan. Da ya gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Akwai saura?"

Na riga na ɗebi irin shekarar tun kafin ciwon. Na shiga na ɗauko gwangwanin na miƙa masa. Ya nufi wutar da shi.

"Kawo nan," in ji Inna.

"Inna, wannan abin ne ya..."

"Yaran mahauta da suka tafi, su ma furen suka shuka? Ban ce an yi daidai da aka kai shi can ba. Amma wagga amana ce, a gabana aka ba da ita. Ba a shukawa cikin gidan ga, ba a kuma ƙonewa. In mai abu ta dawo a ba ta abinta."

Ta karɓa ta shiga ɗakinta da shi. Ba a sake maganar ba.

Ban ƙara zuwa gindin dutse ba. Ba wanda ya hana ni da baki, ƙafata ce ba ta zuwa. In kaka ta yi na ga ana ɗaurin dammuna sai in ƙi tambayar kowa kwanan wata. Wani lokaci in ce a raina ƙyanda ce, ta kashe na waɗanda ba su taɓa jin labarin Madam ba. Wani lokaci kuma in tuna yadda yake bubbuga ƙarfen nan yana dariya, kamar wanda ake yi wa wasa. Na yi ɓari sau ɗaya, daga baya na haifi mata biyu, suka rayu. Ban taɓa bari sun bi hanyar dutse ba, ko itace za su.

Shekaru suka wuce, damana ta fara gajarta. Inna ta kwanta ciwon ƙafa, ta jima, ta rasu. Da muke fitar da kayanta na ga gwangwanin a cikin wata tsohuwar tukunya, an naɗe shi da tsumma, ya yi tsatsa. Na kai wa maigida. Ya jujjuya shi, lokacin furfura ta fara fito masa, ya ce, "Yi yadda kika gani."

Na jira ruwan farko. Na gyara wuri a bayan ɗaki inda yara ba sa zuwa, na buɗe gwangwanin. Rabin irin ya zama gari, sauran ya yi fari-fari, yana karyewa a hannu. Na tsince masu ɗan baƙi na yafa. Ruwa ya ɗauke, na riƙa ba su daga tulun sha, a shekarar da mata ke kwana a layin rijiya. Kullum da safe in je in tsuguna in duba. Ciyawa ta fito, wata 'yar yakuwa ta fito. Furen ko ɗaya. Na tona da yatsa na tarar da tsinkayen yadda na sa su, sun ruɓe. Ashe irin ba ya jure doguwar ajiya, sai ana shuka shi ana sabunta shi. Madam ba ta gaya mini ba, don ba ta zaci zai kwana haka ba.

Sannan babbar yunwa ta zo. Gero ya bushe tun bai yi kai ba. Makiyaya suka gangaro daga arewa, shanunsu sun ƙare a hanya, suka kafa bukkokin tabarma a gefen gari. Ɗinki ya tsaya, don mai neman abin da zai ci ba ya ɗinka riga. Muka sayar da awaki, muka koma cin tafasa da dusa.

A cikin wannan hali, wata rana da hantsi, aka yi sallama da wata murya da na sani. Na fito na ga tsohuwa da ƙunshin atamfofi a ka. Madam ce, jikin nan duk ya zube. Ta ce mijinta ya rasu, yanzu fataucin zannuwa take yi, ta samu mota mai zuwa Ƙonni ta ce a sauke ta a nan. Muka rungume juna. Ta dubi 'yan matana ta shafa kansu, tana waige-waige.

"Ina yarona? Yana lakwal?"

Na ce, "Madam, ya rasu. Shekarar da ta bi tafiyarku. Ƙyanda."

Ta saki ƙunshin ya faɗi. Ta ɗora hannu biyu a ka ta kurma ihu a tsakar gidan, tana kiran sunansa, sunan da ni ban taɓa furtawa ba. Tana kira tana ƙarawa. Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Kukan da ban yi ba a ƙuryar ɗaki shi ya zo mini ranar, har 'yan matana suka tsorata suka ruga waje.

Ihun ya tara maƙwabta. A cikinsu akwai matar nan da ta gan mu a gonar wake, ita ma ta tsufa, yunwa ta sa bakinta ya ƙara kaifi. Ana cikin gaisuwa ta ce, "Ai ɗiyarki ce ta kira shi. Kowa ya sani. An kai mata shi har kabari da furanni."

Wata ta ja matar waje. Madam ta bi bangon ɗakina da kallo, inda babu komai sai turmi da tsohuwar ƙwarya. Sannan ta juyo gare ni.

"Kin je?"

"Na je sau ɗaya. Na share, na ajiye, na gaya mata saƙonki."

"Da shi?"

"Da shi."

"Amarya," ta ce, ko da yake na daɗe da wuce amarci, "ke ma kin yarda 'yata ce?"

Na so in ce a'a. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba, Madam. Wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma sake kuka ba. Na dama mata ɗan kunun da muke da shi, ta kurɓa kaɗan ta miƙa wa yara.

Da rana ta yi sanyi ta ce za ta gindin dutse. Ba ta ce in raka ta ba, na ɗauki mayafi na bi ta. Da muka isa ban gane wurin ba. Bukkokin makiyaya sun mamaye filin. Babu gicciye ko ɗaya, an ce tun farkon yunwar aka tumɓuke su aka kai wa maƙera. Fararen duwatsun an kwashe an yi murhu da su. Sabarar da na sani an sare. Madam ta ce nan ne, kusa da wani dutse mai tsaga. Ni na ga kamar can gaba ne. Muka yi ta kai da kawowa tsakanin bukkoki, yara masu kumburarren ciki suna bin mu da ido.

Wata Bafulatana da ke zaune a ƙofar bukkarta ta tambaye mu abin da muka yar. Na gaya mata. Ta ce ba su san akwai mutane a ƙasan ba, da ba su zauna ba. Ta nuna bayan bukkar da haɓa ta ce ita ma ta sa biyu a can tun zuwansu, ba ta da tabbacin wanne ne wanne yanzu, don iska na share alamar. Ta shimfiɗa wa Madam 'yar tabarma.

Madam ba ta zauna a kai ba. Ta je wajen dutsen mai tsaga ta durƙusa a kan yashi, ta share wani ɗan wuri da tafin hannu. Ba ta da abin ajiyewa. Ta yi magana da yarensu, gajeruwa, ta tashi ta karkaɗe gwiwa.

Ta kwana a ɗakin Inna. Da safe ta ba kowace cikin 'yan matana ɗan kallabi, ta gaida maigida, shi kuma ya ɗaukar mata ƙunshin har tasha. Ba wanda ya sayi zane ko ɗaya a garin. Da motar ta zo ta riƙe hannuna ta ce in gaida mahaifiyata. Na ce ta rasu bara. Ta ce Allah ya ji ƙanta, da Hausa daidai, ta hau.

Ban sake ganinta ba, ban kuma ji labarinta ba. Daga tashar ban koma gida ba, don ranar ake rabon jar dawa ta taimako a gaban biro, kuma an ce wanda bai zo da wuri ba ba zai samu ba. Na karɓi buhun da maigida ya riƙo mini, na je na shiga layin mata.